Ƙotar Gatarin Baba

Ni na fasa ƙotar gatarin mahaifina, kuma ba wajen wani aikin a zo a gani na fasa ta ba. Wani kututturen dogon yaro ne a ƙofar gidana a Wurno, ya shekara biyu mutane suna tuntuɓe da shi ban kula ba, sai ranar sunan 'yata ta uku da aka ce itacen girki ba zai isa ba. Ni tela ne. Hannun da ya saba da almakashi ba shi da hurumin gatari, amma a gaban 'yan suna wa zai ce bai iya ba? Da na ɗaga gatarin na ji shi sakayau, har na ce a raina ashe dai ni ma na kawo ƙarfi. Na sara, na sake sarawa, a na huɗu ƙarfen ya nutse cikin kututturen ya ƙi fita.

Duk ɗan manomi ya san in gatari ya cije ba a murɗa shi gefe, sama da ƙasa ake girgiza shi a hankali har ya saki. Ni ma na sani. Amma mata suna leƙowa ta zaure ana jiran wuta, abokaina suna zaune kan tabarma suna kallo, sai na danna ƙotar gefe da iya ƙarfina. Ƙarar da ta yi ba ta fi ta karyewar kara ba. Gatarinmu ba irin na kanti ba ne mai rami a jikin ƙarfe. Namu ƙarfen yana da tsini ta baya, shi ake cusawa cikin kan ƙota, wato dunƙulallen wurin nan mai kauri a ƙarshen itacen. To wannan kan ne ya tsage gida biyu. Ƙarfen ya tsaya a kututture, ni kuma na tsaya da sanda a hannu.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi fasawar muni. Na yi dariyar yaƙe, na ce ai da ma ƙotar ta tsufa. Da hankalin mutane ya koma kan hira sai na tattara guntayen, na zaga bayan gida inda aka kafa murhu, na tura su ƙarƙashin tukunyar tuwon suna. Suka kama wuta kamar an zuba musu kananzir, don itacen ya sha gumi da mai shekara da shekaru. Har ƙanwar matata tana tambayata inda na samo itace mai kyau haka. Dabarata ita ce gobe in shiga kasuwa in sayi sabuwa, a sa, in mayar da gatari inda na ɗauko shi. Ƙota ai ƙota ce, haka na ɗauka.

Yadda gatarin ya zo hannuna shi ne, a lokacin an yi wa Baba aikin ido, an cire masa yana. Yana kwance a gida, can ƙauyenmu wajen Dinawa, likita ya hana shi sunkuyawa da ɗaukar abu mai nauyi na 'yan makonni. Ana jibi suna na je na tambayi Inna aron gatarin, ban tambayi mai shi ba don na san amsar. Ta ce mini, "Ka dai san halinai da gatarin ga." Na ce kwana biyu ne kacal, na ɗaure shi a bayan babur na yi gaba.

Na san halinsa kuwa. Ƙarfen na kakanmu ne, ƙotar kuma tun kafin a haife ni take. Kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, Baba yakan rataya gatarin a kafaɗa ya tafi sassabe, ya sare sabara da kalgo da duk tohon da ya taso a gona, ya tara a ƙone. Mun daɗe ni da 'yan'uwana muna roƙonsa ya huta, mu sa a yi masa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ran da kunka ga gatarin ga rataye ni ina zamne, ku san an gama da ni." Aikin idon ma bai yarda da shi ba sai da aka tabbatar masa zai warke kafin sassabe. Yana kwance da bandeji a fuska yana ƙirga kwanaki, ba don komai ba sai don ranar da zai ɗauki gatarinsa ya fita.

Washegarin suna na koma ƙauye na ja Inna bayan rumbu na gaya mata. Ba ta yi salati ba, ba ta tafa hannu ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Ina guntayen?"

Na ce sun shiga wuta.

Ta dube ni ta ce, "Kai dai tun kana ciki ba ka zamna wuri guda ba. Ni ba ni yi maka ƙarya. In yat tambaya, in ce gatari na wurinka, iyakata ke nan. Kwana goma sha biyu sunka rage mishi ya hita gona."

Na ce mata kwana ɗaya ma ya ishe ni.

A kasuwar Wurno ƙotoci tuli guda, farare tas, an jera su kusa da masu muciya da ludayi. Na zaɓi wadda ta fi kowace ƙiba na nufi maƙera da ƙarfen, wanda na ciro daga kututturen bayan 'yan suna sun watse. Maƙerin tsarana ne, tare muka yi wasan ƙasa, saboda haka ba ya raga mini. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi, ya gane na Baba ne tun kafin in buɗe baki. Ya ɗauki ƙotar ya shinshina, ya kwashe da dariya.

"Tela, dogon yaro na hwa. Gatarin tsoho za ka sa ma dogon yaro? Ina tsohuwar ƙotatai, mu gwada?"

Na ce ba hira ta kawo ni ba, ya sa mini kawai. Ya ɗaga kafaɗa ya sa. Na koma gida, na tsaya gaban kututturen nan da ya ja mini masifa don in gwada. A sara na uku ƙarfen ya fice daga ƙotar, ya yi sama, ya faɗi taku biyu daga inda akuyar maƙwabcina take kwance tana tuƙa. Akuyar ko motsi ba ta yi ba. Da yaro ne a wurin, da yanzu wani labari nake bayarwa. Na tsinci ƙarfen na koma wajen maƙerin. Bai yi mini dariya ba a karon nan, ya ce in dai ƙotar gaske nake nema, ta aduwa ko ta marke, ko uwa uba ƙirya, to in nufi Rabah wajen wani masassaƙi da ya kwatanta mini.

Na rufe shago da ɗinkin mutane a ciki, na hau babur. Bazara ta kai bazara, iskar da ke dukan fuskata kamar daga bakin tanda. Duk tafiyar idona yana kan itatuwan gefen hanya, abin da ban taɓa yi ba tun da nake bin hanyar. Sai ranar na lura yawancin abin da ke tsaye dogon yaro ne, sai gawo jefi-jefi a gonaki. Manyan itatuwan da nake tunawa da su muna yara, ban ga ko ɗaya ba.

Masassaƙin na Rabah yana zaune a inuwa cikin turame da taɓare da allunan karatu, gizagonsa a hannu. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda ke sa ni ƙaiƙayi. Na faɗi buƙatata a tsaye. Ya ce in zauna. Na ce ina sauri. Ya ce to in tsaya. Daga nan ya shiga yi mini karatu, wai ƙotar gatari ba daga miƙaƙƙen reshe ake yin ta ba. Sai an sami daidai inda reshe ya rabu da uwar itace, a yanko da ɗan jikin uwar, don a nan ne jijiyar itacen ta murɗe ta sarƙe, ita ce ke zama kan ƙota, tsini ya shiga bai tsaga ta ba. Ya jawo wani guntun aduwa daga bayan turmi ya nuna mini. Na ga abin da nake nema, har na miƙa hannu.

"Ɗanye na," ya ce. "Makon jiya anka saro shi. In nis sassaƙa maka yau, kwana ashirin ya motse, ƙarhe ya riƙa rawa ciki. Sai ya sha inuwa damana guda da rani guda."

Na ce ba ni da damana guda, kwana tara nake da su.

"Ba a hwahe gora ranat tahiya, malam tela."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ce. Na ce masa karin magana ba ta sare sabara, in ba shi da busasshe ya ce ba shi da shi. Na tambaye shi ƙirya fa? Ya yi murmushi ya ce ƙirya sai dai in tambayi masu gawayi inda suka kai ta. Duk da rashin kunyar da na yi masa, da na juya zan tafi ya kira ni. Ya ce akwai wani dattijo can wajen Boyekai a ƙasar Goronyo, shi ne ya san yana ajiye itace a hayaƙi, in Allah ya sa ina da rabo. Ya ƙara da cewa in na je in zauna tukuna kafin in yi magana.

Ban tafi nan take ba, don masu ɗinki sun fara sallama a gida. Kwanakin nan uku da na yi a shago ban san abin da na ɗinka ba. Na haɗa hannun riga a baibai, na farke, na sake haɗa shi a baibai. In na taka keke sau goma sai in tashi in fita ƙofa in dubi gabas. Gajimare ya fara taruwa da la'asar yana watsewa, tsofaffi a majalisa suna cewa bana ruwa zai yi wuri. Kowa murna yake, ni kaɗai nake roƙon Allah ya ɗan jinkirta. Matata ta ce na zama kaza mai neman wurin ƙwai. Ban je duba Baba ba, ni da nake zuwa duk bayan kwana biyu, sai waya na buga. Muka gaisa, ya ce idon ya fara washewa, jiya har ya ga zaren da ke lilo a bakin zanen Inna. Kafin mu yi sallama ya ce, "Gatari na nan lahiya?" Na ce lafiya lau. Ya ce in riƙa ajiye shi a inuwa, rana tana busar da ƙota. Na ce to, Baba.

A cikin kwanakin ne ma na yi wata wauta. Na ari adda na fita bayan gari da hantsi, wai in saro reshen aduwa da kaina in gasa shi a wuta ya bushe da sauri. Na sami aduwar, na hau, ƙayarta ta kama mini riga ta baya da ta gaba. Ina nan maƙale sai ga mai gonar. Bai zage ni ba, ya dai tsaya a ƙasa ya harɗe hannu yana tambayata ko 'ya'yan aduwa nake so, ya sa a kawo mini gida. Na sauko da riga a yage, ba reshe. Tela da yagaggiyar riga, haka na ratsa gari.

Ranar kasuwar Goronyo na yi sammako. Garin ya cika da buhunan albasa da warin kifin da aka kawo daga madatsar ruwa, motoci sun toshe hanya, na yi ta kutsawa ina tambaya. Mai faci ya tura ni wajen mai sayar da igiya, mai igiya ya haɗa ni da wani mutumin Boyekai da zai koma gida da buhun gishiri. Na ɗauke shi da gishirinsa, shi kuma ya kai ni har ƙofar gidan dattijon.

Dattijon zai yi sa'ar Baba, ƙanƙanin mutum, amma damatsansa kamar an murɗa igiya. Na tuna gargaɗin na Rabah, na zauna, na gaishe shi har da tambayar iyali da zafi, duk kuwa da na ƙosa. Na ajiye ƙarfen gabansa. Ya ɗauka ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya ce wanda ya ƙera wannan ya daɗe a ƙasa. Ya tashi ya shiga cikin gida, ya jima, ya fito da wani baƙin itace mai lanƙwasa a kai, duk kunkunniya. Daga rufin ɗakin girkin matarsa ya ciro shi, inda ya shekara huɗu yana shan hayaƙi. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan gizago, ya yi ƙara kamar ƙarfe. Ƙirya ce. Ya ce ita ce ta ƙarshe a wurinsa, uwar da ya yanko ta jiki ma an sare ta.

"To, kawo tsohuwar ƙota mu auna."

Na ce ta ɓace.

"Ƙota ba ta ɓacewa, ɗana. Ko dai tana gida a karye, ko an sa ta wuta."

Na kau da kai gefe. Bai matsa ba, ya ce to in kawo mai gatarin ya ga hannunsa. Na ce ba ya iya tafiya yanzu, kuma ba na so ya sani. Ya tambayi shekarunsa. A nan ne jinina ya hau, don na ji kamar yana so ya ce Babana ya tsufa. Na ce masa tsohona ko yau sara uku yake wa kalgo ya kwanta. Na ce na san ƙotar kamar yunwar cikina, a gabanta na girma. Na haɗa hannuwana biyu na nuna masa kaurinta, na nuna tsawonta daga ƙasa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ƙotar da nake nunawa ita ce wadda na sani ina ɗan shekara bakwai, lokacin da hannuna biyu ba sa zagaye ta. Tun daga nan ban sake tsayawa na dube ta ba, har ranar da na fasa ta.

"Mi kaka yi, sana'a?" ya tambaye ni.

Na ce tela ne ni.

"In anka kawo maka ɗunki, ba mai riga, ba tsohuwar riga, ƙaƙa kaka yi?"

Na ce da ido nake yankawa, kuma ba a taɓa dawo mini da ɗinki ba. Ƙarya ce, an sha dawowa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To shi ke nan. Icce dai rage shi aka yi, ba a ƙara mishi. In bar ta da kauri, mai ita ya rage da kainai."

Kwana biyu ya yi yana sassaƙa. Na ce zan jira, ya ce tsayuwata a kansa tana sa gizago kuskure, in tafi in dawo. Na tafi na dawo washegari, bai gama ba, na zaga har bakin madatsar ruwa na zauna kallon masunta, na kasa minti goma na taso. Ranar da ya miƙo mini ita, ja ce jawur da duhu-duhu, santsi kamar an shafa mata mai. Na kai wa maƙerina a Wurno. Ya sa tsinin a wuta ya yi ta zuga har ya yi ja, ya kama da awartaki ya dasa a kan ƙotar, hayaƙi ya tashi mai ƙamshi. Ya cire ya mayar wuta, ya sake dasawa, kaɗan-kaɗan har sau bakwai ko takwas, don ƙirya ba ta karɓar ƙarfe da garaje. Da ya gama ya ɗaga gatarin ya jinjina shi a hannu, ya ce, "Wagga ƙota ta saurayi ta." Na ɗauka yabo ne, har na ce masa ai ba a banza na sha rana ba.

Ranar da likita ya ce Baba ya warke, washegari da sassafe na isa ƙauye. Na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki ya riga ya ɗaura tsohuwar rigarsa ta gona, hula a kai, yana jira. Na durƙusa na ajiye gatarin gabansa. Idon da aka gyara ya yi aikinsa, ko hannu bai kai ba ya ce, "Ina tawa?"

Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na gaya masa komai, har da tukunyar tuwo. Inna tana bakin murhu ta juya mana baya, amma na san kunnenta yana wurinmu. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya jawo gatarin ya shafa ƙotar tun daga kai har gindi, ya ƙwanƙwasa ta da farce.

"Ƙirya ta. Ina kas samo ƙirya zamanin ga?"

Na ce wajen wani dattijo a Boyekai, kuma ita ce ta ƙarshe a wurinsa. Ya ce wanda ya sassaƙa ta ya san aikinsa. Ya miƙe ya rataya gatarin a kafaɗa, muka kama hanyar gona, shi a gaba ni a baya. Zuciyata ta yi fari, na ce a raina an wuce wurin. Amma kafin mu kai na ga ya sauya kafaɗa sau biyu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya tsaya gaban wani kalgo a bakin gona, ya yi bisimilla, ya kama ƙotar. Yatsunsa ba su haɗu ba. Ya ɗaga ya sara, gatarin ya goce ya daki ƙasa. Ya gyara tsayuwa ya sake, ya ɗan ci ɓawon itacen. A na uku gatarin bai wuce kafaɗarsa ba, ya tsaya a nan yana rawa, sannan ya sauke shi a hankali ya dogara da shi yana numfashi. Ni da nake ɗinka masa rigar Sallah kowace shekara, ni da hannuna nake rage faɗin kafaɗar ina cewa yayi ne, sai ranar na ga hannun mahaifina. Fata ce da jijiya.

"Tawa ma haka take sadda anka yi ta," ya ce, bai dube ni ba. "Kowace bazara ina samun hwasasshiyar kwalba in ɗan kankare ta. Na rage mata tsawo sau biyu. Tare munka tsuhwa da ita, shi ya sa ba ta gagare ni ba. Ba wanda yas sani, ko innarka."

Na ce yanzu-yanzu zan nemo kwalba, kafin azahar na kankare masa ita daidai hannunsa, dattijon ma cewa ya yi mai ita ya rage. Har na juya zan ruga gida. Ya ce in tsaya.

"Ba a ɓata ƙirya don tsoho. Shekara talatin na cikin iccen ga, ni ba ni da su. Kuma kai kac ce ita ta ta ƙarshe."

Na roƙe shi. Na ce ƙirya ta ci wuta, ni shi nake so ya yi sassabensa. Na ce to bari in koma Rabah a yi masa ƙarama ta aduwa. Ya tambaya busasshiya ce? Na ce sai baɗi. Ya ce to Allah ya kai mu baɗin. Ya miƙo mini gatarin ta wajen ƙota, ya je gindin wata aduwa ya zauna ya miƙe ƙafafu.

"Fara da kalgon ga. In ya cije, sama da ƙasa aka girgizawa."

Kwana huɗu na yi ina sassaben nan, yana zaune yana nuna mini da sanda. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, na yi mako ban iya riƙe almakashi ba. Ranar da muka ƙone tarin ƙarshe, da la'asar ruwa ya sauka. Da na ba Inna labarin kwalbar sai ta ce wai shi a ganinsa ba ta sani ba, wa yake share garin itacen a bayan rumbu duk shekara?

Da shekara ta zagayo na kai masa ƙaramin gatari da ƙotar aduwa daga wajen mutumin Rabah. A wannan karon da tef ɗina na auna tafin hannunsa da tsawon damtsensa, na rubuta a takarda kamar mai ɗinkin ango. Ya karɓa ya yaba, ya sa albarka, ya rataye shi a ƙusa. Bai taɓa kai shi gona ba, zaman shekara guda ya riga ya cinye ƙarfin da ya rage masa. Damina biyu ya ƙara a duniya. Inna takan ce ko ban fasa ƙotar ba lokacinsa na ajiyewa ya yi, 'yan'uwana ma haka suke cewa. Wataƙila gaskiyarsu. Amma ni na san da na bar guntayen nan biyu ban sa su wuta ba, da dattijon Boyekai ya auna ya yi masa daidai hannunsa, da ya ƙara bazara ɗaya ko biyu a tsaye. Wannan abin bai daina ci mini rai ba, kuma ba na jin zai daina.

Gatarin yana bayan ƙofar ɗakina, ni nake sassaben gonar tun daga shekarar. Ƙiryar ba ta ko motsa ba, ta yi baƙi daidai inda nake kamawa. 'Yar da aka yi wa suna ranar nan tana ɗakin mijinta yanzu. Bara, a hanyar gona, na lura na sauya kafaɗa. Da na dawo na ga wata fasasshiyar kwalba a gindin katanga, na tsaya na dubi hagu da dama, na sunkuya na ɗauka na sa a aljihu.